Sunan da Na Ƙi Rubutawa

Jihar Kebbi ba ta gama zama da gindinta ba lokacin da na tsunduma cikin aikin sa-kai na intanet. Ina buga takardu a wata ma'aikata a Birnin Kebbi, in an tashi sai in hau kabu-kabu zuwa wani shagon intanet a hanyar Gesse. A nan na ci karo da wasu mutane daga ƙasashe daban-daban suna haɗa manhajar rubutu ta kyauta, wadda kowa zai iya leƙa cikinta ya gyara, ba mai biyan kowa. Suna neman masu mayar da ita Hausa. Na ce ga ni, don ni dai ban iya ganin abu in wuce ba.

Duk maganarsu a fili ake yin ta: ka aika imel ɗaya, kowa ya samu. Ni sai na tambayi gida da aiki da gajiya kafin in shiga zance, su kuwa layi biyu sun gama. Da farko na ɗauke su marasa tarbiyya. Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda suke gyara wa juna. Mutum zai ce wa ɗan'uwansa a gaban kowa, aikinka ya ɓata kaza, ga inda matsalar take, na gode da ƙoƙarinka. Shi kuma ya amsa laifinsa, ya gyara, a wuce. Na yi ta zuba ido in ga wani ya yi zuciya, ban gani ba.

Da aikin ya yi min yawa, sai na jawo malamina na firamare, tsohon hedimasta da ya yi ritaya a Argungu. Hausa a bakinsa kamar ruwan randa. Ya koyi kwamfuta da yatsa biyu a wani shago kusa da kasuwa, ya riƙa aiko da fassara mai daɗi.

Wata rana ya aiko da tsohon fayil a maimakon sabo, ya hau kan aikin mutum uku ya shafe. Ni ke riƙe da ɓangaren Hausa, kuma ƙa'ida ita ce in rubuta abin da ya faru da wanda ya yi. Na zauna gaban kwamfutar har lokacin da na biya a shagon ya ƙare. Ni in rubuta sunan Malam a gaban duniya in ce ya yi kuskure? Tsoro nake ya ji kunya ya bar aikin, in rasa shi, in kuma rasa idon kallonsa. Sai na rubuta cewa an samu matsala daga wajena, zan gyara.

Matar da ke jagorancin aikin, wadda ban taɓa gani ba, ta gode min a fili. Sannan ta aiko min ni kaɗai cewa rajistar aikin ta nuna wani ne ya aiko fayil ɗin, tana so ta nuna masa hanya don kada a sake. Na ce mata dattijo ne, malamina ne, a wurinmu ba a haka. Ta ce ba ta san al'adarmu ba, ta bar min. Wannan amsa ta burge ni, ta kuma bar ni da kayana a ka.

Ranar Asabar na shiga motar Argungu, ina tsara yadda zan gaya masa ba tare da na gaya masa ba. Na same shi a zaure. Muka gaisa, muka yi zancen ruwan da ya ci shinkafar fadama, aka kawo tuwo da miyar kifi, na ci har na yi gumi. Sai da la'asar ta kusa na ce masa wai fayiloli kan lalace a hanya, ya kamata a riƙa dubawa.

Ya bar ni na gama kewaye-kewayena. Ashe shi ma ya iya duba rajistar, tun ranar ya ga sunansa, ya kuma karanta abin da na rubuta.

Ya ce, "Ɗana, mi yas sa kac ce kai na?"

Na ce, "Malam, girmanku nika tsarewa."

Ya riƙa naɗe bakin tabarma da yatsa. Ya ce ya ga yadda ake gaya wa kowa kuskurensa a wurin nan, babba da yaro, shi ya sa ya zauna cikin aikin. Kwana uku yana zuwa shagon yana jiran tasa wasiƙar gyaran. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ya ce, "Tun da nib bar aiki ba wanda yag gyara ni. Kowa sai shi ce madalla Malam. Na aza nan ko za a ɗauke ni ma'aikaci."