Ba Gudunmu Suka Zo Ɗauka Ba

A Jos na koyi hawan keke, a kan tsohon keken babana. Ban kai sirdi ba a lokacin, sai dai in zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya in riƙa tuƙi a karkace. Bayan gidanmu duwatsu ne, kuma tun ina ƙarama na san daɗin sakin birki a gangara.

A farkon shekarun dubu biyu na zo Manchester karatun harhaɗa magunguna. Na sami ɗaki a Ardwick, a wani flat da muke zaune mu huɗu, duk 'yan uni, wato jami'a. Ranakun Asabar ina aiki a wani shagon kekuna a wajen Old Trafford. Mai shagon Bature ne mai fara'a, ya ajiye ni a kanta saboda a cewarsa masu saye suna son ganin murmushi. Ɗakin gyara yana baya, maza uku ne a ciki, ga kalandar mata rabin tsirara a bango. Na iya gyara kusan kamar su, amma idan na ɗauki sifana gaban mai keke sai ya ce, cikin ladabi, "Ko za ki kira mini ɗaya daga cikin mazan?"

Duk Lahadi ma'aikatan shagon da abokansu sukan loda kekuna a mota su tafi tsaunukan da ke gabas da gari. Kekunan ba irin na titi ba ne. Tayoyinsu masu kauri ne da haƙora, an yi su domin gangarowa daga kan dutse ta cikin daji da taɓo. Na yi wata biyu ina roƙo kafin su tafi da ni. Ranar farko sun ara mini keken da ya fi ƙarfina, suka riga ni sauka, suka tsaya a ƙasa suna jiran su ga na gangaro da ƙafa. Na faɗi sau biyu, amma a kan keken na iso.

Mace ɗaya ce a cikinsu kafin ni. Baturiya ce, ma'aikaciyar jinya, ta haura arba'in, gajera mai furfura da karyayyen haƙori a gaba. Ita ce ta zo ta ɗaga ni a faɗuwa ta biyu.

"Kina kallon dutsen da kike tsoro," in ji ta. "Inda ido ya je nan keke zai je. Ki kalli inda kike so ki bi."

Ta fi yawancin mazan gudu, kuma sun sani. Idan ta wuce su sai su ce ai dama ita ba mace ba ce, a duba da kyau. Tana jin su, sai ta ci gaba da tuƙinta. Shekara biyu na yi ina bin bayan tayarta. Ta koya mini buɗe gwiwar hannu, da yadda ake taɓa birkin gaba ba tare da an kife ba. A wannan tsakanin na faɗi a kan wani kaifin dutse, haɓata ta tsage, aka yi mini ɗinki. Tabon yana nan har yau, daga haɓa zuwa gefen muƙamuƙi.

Da muka fara shiga gasa na ga sauran abin. Ana sakin masu tsere ɗaya bayan ɗaya, ana auna lokacin kowa. Mata su ne na ƙarshe, bayan maza sun gama tumurmusa hanyar ta zama kunu. Babu wurin canja kaya, sai dai mu buɗe ƙofar mota mu laɓe. Namijin da ya zo na ɗaya yana samun kayan keke, mace kuma kwandon sabulu da man shafawa. Wata rana ina wuce layin ƙarshe, numfashina kamar zai ɗauke, na ji mai lasifika yana gaya wa jama'a ra'ayinsa game da ƙuguna. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san me ake yi ba idan ba a yi dariya ba.

A shekarata ta uku ma'aikaciyar jinyar ce ke kan gaba a gasannin yankinmu, ni kuma ina zuwa ta biyu ko ta uku. Wata Asabar mai shago ya kira ni gefe, fuskarsa cike da murna. Wata mujallar kekuna ta bugo waya. Za su yi shafuka a kan matan da ke tsere, kuma ni suke so. Ya ce idan hoton ya karɓu, akwai kamfanin da zai iya ɗaukar nauyina, da keke da kaya da komai.

"Ita fa?" na tambaye shi. "Ita ke cinye mu duka."

Ya sosa ƙeya. "Kin dai san abin da ke sayar da mujalla."

Na sani. Mujallun suna jibge a kan kantata, kullum ina ganin matan da ke jingine da kekuna cikin ɗan kamfai, ba ko ƙwarzane a ƙafarsu. Na sani, kuma ban ce a'a ba. Washegari a gindin tsauni na gaya mata, ina kallon ƙasa. Ta ci gaba da hura iska a tayarta.

"Ki je," ta ce. "Ki tafi da hular kwanonki. Ki sa su ɗauke ki a kan keke."

Wata mata daga mujallar ta aiko mini da kayan da zan sa: guntun wando da riga mai zif a gaba. Da na gwada, wandon ya matse, ya ƙi wuce cinyata. Na buga mata waya na ce a aiko da babba. Ta yi dariya mai taushi, ta ce girman ke nan da kamfanin ke yi wa mata, amma kada in damu, akwai sati shida.

A sati shidan nan na daina cin abinci. Shayi ba madara da safe, tuffa da rana, ɗan ganye da yamma. Ina karanta ilimin magani, na san abin da nake yi wa jikina dalla-dalla, sanin bai hana ni ba. Cinyoyin da suka yi shekara uku suna haurar da ni tsauni na koma ina tsayawa gaban madubi ina matsa su da hannu ina jin haushinsu. Na sayi sikeli na ɓoye a ƙarƙashin gado. A shago kowa yana cewa na yi kyau.

A Birmingham za a ɗauki hoton, don haka na sauka wurin ƙanwar mahaifiyata a Ladywood. Anti tana zaune a hawa na sama a wani dogon ginin council, na gidajen hayar hukuma, tana aikin kula da tsofaffi, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu. Saboda zuwana ta dafa gwaten acca, da yakuwa da gauta, irin na gida. Ta zuba mini kwano ta zauna tana kallona ina juya cokali.

"'Yata, me ke damunki? Kin ga wuyanki kuwa?"

"Exams ne kawai, Anti."

"Exams ba ya cin naman mutum haka. Kin je wurin GP, likitanki?"

"Lafiyata ƙalau. Na ci a train."

Ta ɗauke kwanon ta rufe shi da faranti. Ban gaya mata abin da ya kawo ni garin ba, na ce taron makaranta ne.

Wurin ɗaukar hoton wani tsohon sito ne mai sanyi, an shimfiɗa farin ƙyalle daga bango har ƙasa. Akwai sabon keke fil, tayarsa ba ta taɓa taka ƙasa ba. Na zo da hular kwanona a jaka. Mai ɗaukar hoton ya karɓa ya ajiye a kan taga, ya ce tana rufe fuska. Suka ce kitsona bai dace da shafin ba, aka ɗora mini dogon gashi mai santsi. Mai kwalliyar ba ta da hoda kalar fatata, ta yi ta haɗa wannan da wancan tana ba ni haƙuri. Sannan aka kawo bokitin taɓo da buroshi, aka yarfa mini a cinya da ƙirji, a wuraren da suka zaɓa.

"Ɗan sauke zif ɗin," in ji mai hoton. Na sauke. "Ƙara kaɗan."

Na tambaya ko za a ɗauke ni ina tuƙi. Ya ce babu fili. Awa huɗu na yi ina jingina da keken, ina leƙowa ta kan kafaɗa. Hirar kuma ba ta wuce minti goma ba. Matar mujallar ta tambaye ni ko ina da saurayi, da abin da nake ci don in riƙe wannan jikin. Na yi mata bayanin taya da birki, na faɗi sunan wadda ta koya mini komai har sau biyu. Alƙalaminta bai motsa ba.

Na koma Manchester ban koma cin abinci ba, domin mai shago ya ce mutanen kamfanin za su zo kallon gasa ta gaba. Ranar ana yayyafi. Na wuce lanƙwasar hanya ta farko da ta biyu lafiya. A ta uku, inda hanya ke bi tsakanin bishiyoyi, gefen idona ya yi duhu, na ji kamar an toshe mini kunne. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a cikin saiwoyi, kafaɗata ta hagu ba ta inda ya kamata.

Ma'aikaciyar jinyar aka saki bayana. Da ta wuce, da ta cinye gasar shekarar gaba ɗaya, kuma akwai masu agaji a ƙasa da za su zo. Ta jefar da kekenta ta durƙusa, ta riƙe kaina da hannu biyu don kada in motsa wuya. Ta duba idona, ta taɓa wuyan hannuna.

"Yaushe rabonki da abinci?"

Ta daɗe tana kallona, ruwa yana ɗiga daga hularta a fuskata.

"Da ban ce ki je ba," ta ce.

Ƙashin kafaɗa da na wuyan hannu ne suka karye. Hannuna yana rataye a wuya mujallar ta fito. Shafi biyu suka ba ni. Sun goge tabon haɓata, sun rage cinyata, sun haska fatata har na yi kama da wata 'yar'uwata da ban taɓa gani ba. Kanun yana magana ne a kan abin da ya fi kyan gani a kan tsauni. Ba a ambaci ko gasa ɗaya da na shiga ba, balle sunan wadda ke cinye su. Kamfanin bai sake kira ba, domin ba su da abin yi da mai karaya.

Masu gyara suka yage shafin suka manna kusa da kalandarsu. Bayan kwana kaɗan wani ya yi zane a kai da baƙin alƙalami. Na nuna wa mai shago, ya ce wasa ne, in daina ɗaukar komai da zafi. Maza suka riƙa shigowa ba sayen komai, su tsaya gaban kanta suna kallona suna kwatantawa.

Wani ɗan cocinsu Anti ya ga mujallar a wurin aikinsa, ya kai mata ranar Lahadi bayan sujada, a gaban mata. Da yamma ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wannan ne taron makarantar?"

"Anti, ki yi haƙuri."

"A gidana kika kwana. Kika ƙi abincina saboda wannan." Sannan ta ce, "Me zan gaya wa uwarki?"

Ba ta ma buƙaci gaya mata ba. Kafin wata ya ƙare shafin ya isa Jos a jakar wani. Babana, wanda ke nuna wa baƙi hotona da lambar tsere a ƙirji, ya yi wata biyar idan na kira sai ya miƙa wa mahaifiyata wayar.

Na bar shagon. Da ƙashin ya haɗe na koma tsaunin sau ɗaya. A wurin ajiye motoci wani da ban sani ba ya ɗaga murya ya tambaye ni ina na baro zif ɗin. Na gangaro ina matse da birki tun daga sama har ƙasa, har ranar farko ma ta fi. Na sayar da keken a satin. Komawa cin abinci kamar kowa ya ɗauke ni kusan shekara uku, da GP da wata mai ba da shawara da nake gani duk Talata.

Bayan wasu shekaru na sami aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Manchester. Wata rana da rana ina tura keken magunguna a baranda sai na ga ma'aikaciyar jinyar nan, cikin shuɗin kayan aiki, furfurar ta cika kai. Muka tsaya a gefe ana wuce mu da marasa lafiya. Ta ce an soke rukunin mata a gasannin yankin, wai masu shiga sun yi kaɗan. Idan tana so ta yi tsere sai ta shiga cikin maza, kuma ta gaji da abin da ake cewa idan ta wuce su.

"Kina hawa?" ta tambaye ni.

"A'a."

"Ni ina zuwa duk Lahadi, ni kaɗai. Akwai keke na biyu a gareji."

Ta rubuta lambarta a bayan wata takardar magani ta ba ni. Aka kira ta daga ɗakin marasa lafiya, ta tafi da sauri. Na ce mata zan kira. Na ajiye takardar a aljihun rigar aiki, kuma ban kira ba.