Awon Inna Mai Keke

Inna Mai Keke ba ta taɓa ɗora almakashi a kan yadi ba sai ta yi awo ta sake. A ɗan shagonta, inda ƙyallaye suka rufe ƙasa, allura kuma ba ta rabuwa da leɓenta, ta rayar da 'ya'yanta da ɗinki, tana nanata wa masu koyo cewa abin da aka yanka ba ya komawa. Sai dai hikimar mutum a kan sana'arsa ba lalle ne ta kai ga jikinsa ba.

Wata rana 'yar ƙanwarta, ma'aikaciyar jinya, ta zo karɓar riga, ta ce, "Inna, ki zo a yi miki gwajin ciwon dajin bakin mahaifa."

"Ke, tafi can! Ni da aka haifa a tsakiyar gari, yaushe na shiga daji har zai ba ni ciwo? Ko kaina ba ya ciwo."

"Ai shi ya sa. Sai riga ta ɓaci kike awo, ko tun kafin ki yanka?"

Inna ta zare allurar daga bakinta. Da hujjarta aka kama ta, mai gaskiya kuwa ba ya gudun hujjarsa.

A asibiti aka ba ta ɗan tsinke mai auduga, ta shiga bayan labule ta ɗauko abin gwajin daga jikinta da hannunta. Da sakamako ya nuna ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon, likita ta duba ta, ta ga wani ɗan tabo a bakin mahaifa da bai kai maɓallin riga ba. Ta ce bai zama ciwon ba tukuna, amma in an bar shi shekaru yana iya zama. Nan take ta ƙone shi da ɗan ƙarfe mai zafi.

"Wato kun ga ciwon da bai iso ba?" in ji Inna.

"Dajin ma, Inna, da tsiro ɗaya yake farawa," in ji likitar.

Inna ta daɗe zaune a bakin gado tana jinjina kai. "Ikon Allah!" kawai take cewa.

Har yau tana shagonta. In ta zagaya ƙugun mace da tef, sai ta ce, "Na asibiti fa, kin yi?"

"Inna, ni lafiyata ƙalau."

"Haka ni ma na ce. Ɗaga hannu."