Tagumi a Gurbin Bore

Shekarar da aka ba mu jiha aka tura ni koyarwa Gurbin Bore, ba a daɗe da rasuwar mahaifiyata a Kaura Namoda ba. Ban san kowa a garin ba. Wani dattijo manomi ya ba ni ɗaki kusa da rumbunansa. Shi ma shi kaɗai yake, 'ya'yansa duk sun tafi neman aiki Gusau.

Idan aka tashi makaranta ba ni da wurin zuwa. Sai in zauna bakin ƙofa har la'asar, haɓata a tafin hannu. A gidanmu ba a barin mutum haka. Da Inna ta hango ni za ta zo ta janye hannun, ta ce tagumi na marayu ne. A nan kuwa mutane sukan yi sallama su wuce.

Wata rana dattijon ya dawo daga gona ya same ni a haka. Ya jingine fartanya ya zauna gefena, bai taɓa hannuna ba. Don in kore shirun na ce, "Baba, wai ina kalmar tagumi ta samo asali?"

Ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba. Abin da ni sani, in reshe ya yi nauyi akan sa mishi gwafa. Kan mutum ma yakan yi nauyi. Wanda ba shi da mai kama mishi, shi ka tokare abinai da kainai."

Na ce ai ma'ana ya ba ni, ba asali ba. Ya ce iyakar saninsa ke nan.

Daga ranar kusan kullum tare muke zaman yamma, magana kaɗan.

Bayan an ƙaddamar da shari'a, kawuna ya sami alƙalanci a Zurmi. Na kai masa ziyara na yi masa tambayar. Ya ce shi bai ga tushenta a Larabci ba, ga alama Hausa ce tsantsa, sannan ya tambaye ni yaushe zan yi aure.

Da kaka aka mai da ni Shinkafi. Dattijon ya ɗaura mini damin gero a bayan babur, ya raka ni har bakin hanya. Labarin rasuwarsa a kasuwa na ji shi, a bakin wani mai sayar da awaki, an riga an yi sadakar arba'in.