Faifan da Na Wanke

Makon jiya aka buɗe siton ofishinmu za a kwashe tsofaffin kwamfutoci, irin masu ƙatuwar ƙeyar nan da aka daina amfani da su tun kafin a ɗauke ni aiki. Wani abokin aikina ya jona ɗaya a wuta don wasa, ya ga ko za ta tashi. Ta kuwa tashi. Sai da ta yi nishi, sannan daga wata 'yar tsaga da ke gabanta wata ƙara ta fito, ƙar-ƙar-ƙar, kamar ɓera na gwaguyar ƙwarya. Kowa ya yi dariya. Ni kuwa na lallaɓa na koma kujerata. Bari in ba ka labarin, mai karatu, tunda a gida na kasa ba da shi.

A unguwar Karmo ta Abuja na tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da rijiya ɗaya a tsakar gida. Ƙabila babu wadda ba ta da ɗaki a gidan. Da safe ƙamshin kunun gyaɗar Mama yakan haɗu da na doyar da maƙwabciyarmu 'yar Filato take soyawa, ga hayaƙin risho, ga layin bokitai a bakin rijiya. Babana mai buga takardu ne a wata ma'aikata a cikin gari. Da keken rubutu ya fara aiki, kuma kullum yakan dawo da kan yatsunsa baƙi ƙirin saboda takardar kabon. Mutum ne mai tsanaki, ba ya son kuskure, domin a wancan lokaci harafi ɗaya ya karkace, sai a yaga takarda a sake daga farko.

Ina da shekara takwas aka kawo kakana, mahaifin Baba, daga ƙauye domin a yi masa aikin yanar ido. Aikin bai yi ba, shi kuma bai koma ba. Ya ƙi jinin Abuja. Yakan ce gari ne da ba wanda zai nuna maka kabarin kakansa. Amma ni ya so ni, yana ce mini amaryarsa, ni kuma in ce ba na auren tsoho mara haƙori. Ni ke jan sandarsa zuwa inuwar mangwaron ƙofar gida, ni ke bare masa goro in daka masa a ɗan turmi.

Ya zo da wata tsohuwar gafaka da ba ya yarda kowa ya taɓa. A cikinta akwai takardun ajami da mahaifinsa ya rubuta, shi ma ya ƙara nasa a kai: inda mutanenmu suka taso, garuruwan da suka yada zango, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, shekarar fara, shekarar yunwa, rijiyoyin da suka haƙa. Takardun sun yi ja, gara ta ci gefensu, wasu in ka ɗaga sai su karye kamar busasshen ganye.

A wannan shekarar aka kai kwamfuta ofishin su Baba. Ban taɓa ganinsa da murna kamar ranar ba. Ya ce keken rubutu ne mai talabijin, in ka yi kuskure sai ka goge ba tare da ka yaga komai ba. Bayan ya gama kwas ya dawo gida da wani abu baƙi, mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannunsa ba, da ɗan ƙarfe mai zamewa a kansa. Ya ce faifan kwamfuta ne, zai ɗauke littafi guda. Kaka ya shafa shi, ya juya, ya sansana.

"Mu dai faifan da muka sani, ƙwarya ake rufewa da shi," in ji shi.

Baba ya ce, "Wannan ma rufewar yake yi, Baba. Magana yake rufewa don kada ta zube."

Daga nan suka ɗauko aiki. Baba bai ƙware a ajami ba, Kaka kuma ba ya gani. Don haka kullum bayan la'asar sai Baba ya kamo farkon layi da ƙyar, Kaka ya ƙarasa da ka, har ya ƙara da abin da ba a rubuta ba. Baba yana kwashewa a bayan tsofaffin takardun ofis, washegari lokacin hutun azahar ya shigar a kwamfuta, ya zuba a faifai. Takardar ofis ɗin da aka gama da ita kuwa, Mama ce ke hura wuta da ita. Watanni suka yi a haka. Ina zaune a gefen tabarmar, amma yarinta ta sa ban riƙe komai ba sai gutsattsari: wani kaka da ya yi fataucin kanwa da jakai, da wata mata da ta haƙa rijiya da kanta bayan mijinta ya rasu.

Da marka ta kankama, wata rana muka raka Kaka asibiti, aka tsuge da ruwa muna can. Kwanon ɗakinsa ya yi yoyo daidai ƙusar da ake rataye gafakar. Da muka dawo, takardun sun manne sun zama kamar ƙullu, tawada ta bi ruwa. Kaka ya sa hannu a ciki, ya daɗe bai fitar ba. Ranar na fara ganin hawaye a idon da ba ya gani. Baba ya tashi da sauri ya ɗauko faifan daga akwatinsa na ƙarfe, ya danƙa masa a hannu.

"Ba abin da ya ɓata, Baba. Duk maganarka tana cikin nan, ba za ta taɓa gogewa ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa na ji wannan, kuma na riƙe shi fiye da yadda Baba ya zata.

Ba a buga rubutun a takarda ba. Ogan su Baba ya hana a yi aikin gida da takardar ofis, Baba kuma yana ta cewa sai ya sami sukuni ya kai shagon kwamfuta. Ana haka wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona kwamfutar ofishin, aka fitar da ita. Faifan nan ya zama shi kaɗai.

Kaka ya rasu da bazara, cikin zafin nan da ko inuwa ba ta da daɗi. A Abujar da ya ƙi aka binne shi. Baffana da gwaggona suka zo gaisuwa daga ƙauye, suka tambayi gafaka. Baba ya gaya musu abin da ya faru, ya kwantar musu da hankali, ya yi alkawarin ranar sadakar arba'in zai je gida da tarihin a buge, kowa da nasa.

Ni ba wanda ya lura da ni. Inuwar mangwaro ta zama fayau, ba mai ce mini amarya. Wata rana da hantsi Mama ta tafi kasuwa, na buɗe akwatin Baba na ɗauko faifan. Wallahi ba ɓarna na yi niyya ba. An ce maganar Kaka tana ciki, ni kuma ita nake so. Na kara shi a kunne, shiru. Na zame ɗan ƙarfen na leƙa, duhu. Sai na ɗauko wuƙar yanka kuɓewa na ɓanɓare shi. A ciki na tarar da wani ɗan zagayayyen abu, baƙi, siriri kamar leda. Na ɗaga shi a rana, ba harafi ko ɗaya. Sai na tuna allona na makarantar Islamiyya, yadda tawada kan taru ta rufe shi. Na ce ai rubutun na ƙarƙashin baƙin. Na je bakin rijiya na wanke shi da soso da sabulu, na goge da gefen zanena, na sake dubawa. Babu komai. Tsoro ya kama ni. Na mayar da shi, na liƙe bakin da cingam, na ajiye inda na ɗauko.

Saura kwana uku arba'in, Baba ya sa farar rigarsa ya ce in raka shi cikin gari. Shagon ƙarami ne, fanka na kaɗa iska mai zafi. Mai shagon ya tura faifan cikin tsagar kwamfuta. Ta yi ƙar-ƙar-ƙar, ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Ya zaro shi ya duba gefensa, ya sa farce ya ɓanɓaro cingam ɗin.

"Oga, wani ya buɗe wannan abu. Ya mutu, ba wanda zai iya tada shi."

Baba bai tambayi kowa ba. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Muka fito. Ba mu shiga mota ba, muka yi ta tafiya a gefen titi cikin rana, yana gaba ina baya. Da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Can ya tsaya, ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai tawa.

"Me kika je nema a ciki?"

Na ce, "Kaka."

Ya rufe idonsa. Sannan ya ce, "Ni na ce yana ciki. Kada ki gaya wa kowa, ko mamarki."

Ya tafi ƙauye hannu wofi. A gaban dangi ya ce na'ura ce ta cinye rubutun, laifinsa ne da ya amince mata. Baffa ya miƙe a tsakiyar taro ya ce boko ya sa ya ɗauki asalin gida ya miƙa wa ƙarfen nasara. Shekaru suka shuɗe ba ya taka gidanmu. Baba ya sayi littafin rubutu ya yi ƙoƙarin dawo da abin da ka, amma mai buga takarda yatsunsa ke karatu, ba zuciyarsa ba. Kakanni huɗu ya iya kamowa, shafi bakwai, sauran littafin fari fat.

Bayan nan faifai mai ƙyalli ya zo, filasha ta kore shi, waya ta haɗiye su duka. Duk wanda ya zo sai a ce shi ne ba ya lalacewa. Da kowane ma'aikaci ya iya buga takardarsa da kansa, aka sallami su Baba. Bai ƙara cewa wani abu ba zai goge ba, har ya koma ga Allah.

Yanzu aikina ke nan, adana bayanai a wata hukuma. Ina koya wa sababbin ma'aikata su ajiye komai a wuri uku, suna ce mini mai tsanani. Wayata cike take da hotunan 'ya'yana, har da na abincin da suka ci, amma in suka tambaye ni sunan matar nan mai rijiya, ban sani ba, kuma duk duniya ba wanda ya sani.

Gwaggo ce kaɗai ta rage a cikinsu. Da sallar da ta wuce jikarta ta kira ni ta bidiyo, ta riƙe mata wayar. Ta tsufa ƙwarai, fuskarta ta cika gilashin. Muka gaisa, ta sa wa yara albarka, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan ubanki. Mutumin kirki ne, sai dai ya zubar mana da asali."

Shekarata ta kusa arba'in. Wanda ya hana ni magana ya daɗe a ƙasa, ba kuma wanda zai doke ni. Na buɗe baki, tana jira, jikar tana jira.

Na ce, "Amin, Gwaggo."