Zanen gidan Maƙera

Wata Asabar da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, ina zaune gaban murhu hayaƙi na cin idona, kakata Inna na ƙona zane a bayan ƙwarya da wuƙa mai zafi. Duk ƙauyenmu ita kaɗai ke wannan aiki. Ƙawayena na waje suna 'yar gala-gala, ni kuma an ce ba inda zan je sai na gama kankare cikin duman da aka fafe. Duk na ƙosa.

Sai ga Talatu matar mai shayi da sababbin ƙore, wai a yi mata irin zanen gidan Maƙera, mai naɗewa kamar wutsiyar hawainiya. Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ke Talatu, in biki ya watse ki ce ƙwaryar wa ce? Dambe kike so da matan maƙera?" A wurinmu kowane gida da zanensa. Da shi ake mayar wa mai fura ƙwaryarta bayan suna, da shi ake gane 'yar gidan wa ce amarya. Talatu ta kwashe ƙorenta tana gunaguni, da yamma ta dawo aka ƙirƙiro mata nata.

Yanzu ina birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina zana wa 'yan kasuwa adon riguna a kwamfuta. Ɗazu a kasuwar Canaan wani Alhaji da ya saba ba ni aiki ya miƙo min wayarsa, hoton sassaƙen mutanen Maori na New Zealand. "'Yata, wannan nake so a ƙirjin riguna, kwantena na jira a tashar jirgin ruwa ta Huangpu." Na taɓa bincika zanen nan. Su ma naɗe-naɗen nasu asali ne, dangi ne, kakanni ne. Na ce Baba, wannan na masu shi ne, bari in zana maka wani.

"Su masu shin har Kantin Kwari za su biyo ni?" Ya yi dariya, ya shige shagon gaba. Kafin in naɗe cajata har an fitar masa da samfur.

Ga ni a jirgin ƙasa zuwa unguwar Xiaobei, na kasa zama, sai duba waya nake ko zai kira. Ba zai kira ba. A ƙauyenmu in mai zane ta ce a'a, magana ta ƙare. Nan tawa ko bakin lif ɗin kasuwar ba ta kai ba.