Ramin Ƙarfe na Goma Sha Biyu

A layin masu gyaran rediyo, tsakanin mai walda da mai ɗinkin takalma, akwai wani shago da faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Mai shagon ya haura sittin, gemu ya yi fari fat, amma har yau Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Sana'arsa gyaran jita.

A jitar ma ba komai ne ya dame shi ba sai siraran ƙarafan nan da aka gitta a wuyanta, waɗanda makaɗi ke danne tsirkiya a kansu. Iri biyu yake ajiyewa. Akwai mai taushi, haɗin tagulla, muryarsa da ɗumi, amma tsirkiya na cinsa a hankali har ta yi masa rami. Akwai mai tauri da ba ya tsatsa, sautinsa da kaifi, shi kuwa sai dai ya cinye tsirkiya, ya dakushe magagarin mai gyara. Auta ya fi son mai taurin, don ya tsani yin aiki sau biyu. In an kawo masa jita, yakan shafa ramukan da yatsa ya karanta mai ita. Ya taɓa ce wa wani mai cika baki, "Kai waƙa uku ka iya, ta ukun ma ba ka ƙarasa ta." Mutumin bai sake dawowa ba.

Yayansa makaɗi ne, shekara talatin da jita guda. Tare suka fara koyo suna samari, aka ga hannun babban ya fi, sai Auta ya koma gyara. A shagon jitar take kwana, saboda gidan Yaya akwai danshi. Kullum da hantsi Yaya yake zuwa ɗauka.

Da idon Yaya ya fara tafiya, wuraren kiɗa suka daina kiransa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ya zauna a kujerar ƙofar shagon ya kaɗa wa kansa. Ƙarafan kuwa sun cinye, jitar na zuza kamar ƙuda a kwalba, abin yana sukar kunnen Auta. Sai aka kwantar da Yaya asibiti sati guda don aikin ido. Auta ya ga dama ta samu. Bai tambayi kowa ba ya cire tsofaffin ƙarafan, ya jera su bi da bi a kan wani katako kamar yadda ya saba, ya buga masu tauri sababbi fil. Kwana huɗu yana gogewa, magagari biyu suka mutu. A ransa kyauta ce.

Aikin ido bai yi ba. Yaya ya dawo da sanda, ya zauna, aka miƙa masa jita. Ya ɗora yatsu, ya zame, ya sake ɗorawa, ya kauce. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya ya saurara.

"Auta, jitar wa ka ba ni?"

"Taka ce, Yaya. Na sa mata ƙarfen da zai binne mu duka."

"To ya fara da ni," in ji Yaya. Ya miƙa masa ita. "Muryar nan ban san ta ba. Kuma ramukan da ka share, su ne idanuna."

Garin gyaran gira an rasa ido. Yaya ya daina zuwa shagon. Matarsa ta biyo ta layin ta ce yini yake a ɗaki, hannuwa a cinya, ko rediyo ba ya kunnawa. Auta ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, don ya san mutum kan mutu tun kafin a ɗauki gawarsa.

Ya ɗauko katakon nan. Tsofaffin ƙarafan sun lanƙwashe wajen cirewa, ba sa mayuwa. Sai ya fidda masu taurin, ya buga masu taushi, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara arba'in na share ramuka: ya ɗauki ƙaramin magagari ya shiga haƙa su da hannunsa. Yana duba tsohon ƙarfe yana kwaikwaya a sabo, zurfi da faɗi. Mai walda ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, yau kuma ɓarna ake biya?" Auta ya ci gaba da haƙa.

Rami ɗaya kawai ya tsallake, wani ɗan ƙarami a ƙarfe na goma sha biyu, ƙarƙashin siririyar tsirkiya. Wannan ba na Yaya ba ne. Shekara talatin, kowace safiya kafin ya buɗe wa jama'a ƙofa, Auta kan ɗauki jitar ya kaɗa waƙa guda da ya ƙirƙira yana saurayi, a hankali, don kada a ji.

Ya kai jitar har ɗaki. Yaya ya karɓa ba walwala, ya bi wuyan da yatsa daga sama. Ƙarfe na biyu, na uku, na biyar. Fuskarsa ta fara saki. Ya kaɗa, ɗumin ya dawo, har da 'yar zuzar. Yatsan ya ci gaba da gangara, sai ya tsaya.

"Ka bar ɗaya."

"Ai ba ka taɓa wurin, Yaya."

"Na sani. Naka ne." Ya miƙo jitar saitin inda yake jin numfashin ƙanensa. "Shekara nawa ina isowa da wuri in tsaya bayan ƙofa sai ka gama? Wannan ba da magagari za ka mayar da shi ba. Zauna ka fara."