Na Ga Ruwa Yana Shigowa Jirgi, Kunyar Ɗan Fari Ta Rufe Mini Baki

A lokacin ni matar aure ce a Gummi, mai 'ya'ya da jikoki, ban san zaman kaɗaici ba. Ban iya riƙe alƙalami ba, maƙwabciyata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, in kuka ya ci ƙarfina ta jira. Maigidana manomin shinkafa ne, a fadama ya ƙarar da ƙarfinsa har ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ba shi da zance sai na tsohon garinsu da ke ƙetaren gulbi, inda ragowar ganuwa da kushewar iyayensa suke. Kullum yana cewa yana so ya sake ganin wurin kafin ya koma ga Allah.

A ƙarshen wata damina babban ɗanmu ya zo daga Sakkwato ya ce zai kai Babansa. Ruwa ya yanke hanyar mota, don haka ya ɗauki shatar jirgi mai inji. A gaban mutane aka yi magana cewa mu kaɗai ne, ba kaya, ba fasinja, kuma a tafi a hankali saboda tsoho. Da farko abin ya yi daɗi. Gulbi ya malala ya shafe fadama, sai kawunan itatuwa kake gani. Maigida ya zauna can gaba yana nuna inda gonar kowa take, har ya juyo ya tsokane ni, wai na ƙanƙame bakin jirgi kamar za a ƙwace mini. Na ce masa ni 'yar tudu ce, ai ya sani tun ranar da ya auro ni.

Muna cikin haka mai jirgin ya karkata zuwa wata gaɓa inda mutane ke jira da buhunan shinkafa da babur. Ya ce 'yan'uwansa ne, ba zai wuce su ba. Ɗana ya tuna masa sharaɗi, sai ya yi dariya, wai Alhaji ya daɗe a birni ya manta ruwa, shi a bakin gulbin nan aka yanke masa cibi. Mutanen suka shiga haɗa ɗana da Allah, ya ji nauyi ya ƙyale su. Aka jibga buhuna tsakanina da maigida, aka kwantar da babur kusa da ƙafafunsa, mutane suka shige, har bakin jirgi ya kusa yin daidai da ruwa.

Ni ce a baya, kusa da mai jirgin, kuma ni na fara jin sanyi a tafin ƙafa. Wata tsaga ce da aka toshe da tsumma, nauyi ya buɗe ta. Ɗana yana gabana, bayansa nake kallo, hannu kawai zan miƙa in taɓa shi. Amma ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa magana cikin mutane ba. Haka Innata ta yi, haka aka hore ni. Sai na faɗa wa mai jirgin ƙasa-ƙasa. Ya ce Inna ta kwantar da hankalinta, babu jirgin da ba ya shan ruwa, ya turo mini ƙwarya da ƙafa wai in rage. Ni da aka ɗauko a matsayin uwar mai shata, na duƙa ina kwasar ruwa, yana shigowa ya fi wanda nake zubarwa. Maigida kunnensa ya yi nauyi, ga ƙarar inji, bai san abin da ake ciki ba.

Da muka kai tsakiya inda ruwa ke da ƙarfi, jirgin ya kife. Masunta suka ciro ni da ɗana da sauran mutanen. Kowa ya fita sai maigidana, babur ɗin nan ya danne masa ƙafar da ba ta da lafiya. Washegari aka same shi cikin ciyawa, ƙasa da gari. Bai ga ganuwar ba, bai yi wa iyayensa addu'a ba.

Abin da ke ƙona mini zuciya har yau shi ne mai jirgin ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarmar gidana, ya ce kwana ne ya ƙare. Dattawa suka ce a bar wa Allah. Ban gama takaba ba na ji ya samu wani jirgin yana lodi. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce, amma da hannunsa ya ɗora babur ɗin, ina gani. Ɗana kuwa, da ya ji cewa na ga ruwan tun farko, ya durƙusa gabana yana kuka, yana tambayar me ya hana ni taɓa shi. Ya rantse da ya san ruwa na shigowa da sai an koma gaɓa ko da faɗa.

Na gane kunyar da za ta ci rai ba tarbiyya ba ce. Iyaye mata, in kun ga halaka ku ɗaga murya, ku kira ɗan fari da sunansa kowa ya ji. Wanda ya ɗauki shata, in mai jirgi ya tsaya ƙarin lodi, ya sauko da iyalinsa nan take, a zage shi ya fi a yi masa ta'aziyya. Kai kuma mai jirgi, na san za a karanta maka wannan a bakin gulbi. Dattawa sun yafe maka, ni ban yafe ba.